Wa Ke Zaɓa wa Mai Saye Shago? Nazari a kan Cinikin Giyar Inabi a Suwidin da Faransa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi wata tambaya da ake ɗauka ta mai saye ce shi kaɗai, wato a wane shago na unguwa ko na gari zai sayi giyar inabi. An ɗauki ƙasashe biyu na Tarayyar Turai: Suwidin, inda gwamnati ta riƙe cinikin a hannunta, da Faransa, inda aka bar wa 'yan kasuwa. Abin da takardar ke son nunawa shi ne, tun kafin mai saye ya fito daga gida doka ta riga ta yi masa rabin zaɓin. Sauran rabin kuma ya rataya a kan abu guda: shin wanda ke tsaye a bayan kanta yana ƙaruwa da yawan abin da ya sayar, ko kuwa albashinsa ɗaya ne ko an saya ko ba a saya ba.

1.0 Gabatarwa

Na san akwai wanda ya ga kan wannan takarda a jadawalin taro ya ce a ransa, me ya haɗa kifi da kaska? Tambayar tana kan hanya. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, haramun ce, kuma ba shi na zo tattaunawa ba. Kasuwarta ce ta ja hankalina, domin da wuya a sami wata haja da gwamnatoci suka daɗe suna gwada dabaru iri-iri a kan inda za a sayar da ita, da wanda zai sayar, da lokacin da zai buɗe shago, kamar wannan. Mai nazarin kasuwa da dokokinta yana da gwaje-gwajen fiye da shekara ɗari da hamsin a gabansa, wasu sun riga sun biya kuɗinsu, shi nasa kawai ya duba sakamako.

2.0 Hajar da Ba a Ganin Cikinta

In mutum ya je sayen kankana, mai kankana zai yanko masa ɗan ɓari ya ga janta. Mai goro zai buɗe ganye, mai turare zai shafa masa a bayan hannu. Kwalbar giyar inabi kuwa a toshe ake sayenta, kuma a shago guda ana iya samun iri ɗari biyar ko dubu, masu kama da juna a ido, farashin wata ya ninka na wata sau ashirin. Cinikin biri a sama ke nan. Masanin tattalin arziki Phillip Nelson ya bambance a 1970 tsakanin kayan da ake iya tantance ingancinsu kafin a biya da waɗanda ba a sanin ingancinsu sai an yi amfani da su. A shekarar dai George Akerlof ya nuna, da misalin tsofaffin motoci, yadda kasuwa ke lalacewa idan mai sayarwa ya san abin da mai saye bai sani ba.

Giyar inabi ta ma wuce nan, don ko bayan an buɗe ba kowa ke iya yanke hukunci ba. A wani gwaji da Hilke Plassmann da abokan aikinta suka wallafa a 2008, an ba mutane giya iri ɗaya sau biyu, sau ɗaya aka ce musu ta dala 10 ce, sau ɗaya aka ce ta dala 90. Suka ce mai tsadar ta fi daɗi, na'urar da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ma ta nuna ba ƙarya suke yi ba, sun fi jin daɗinta da gaske. To mutumin da harshensa ke bin farashi, da me zai zaɓi kwalba? Ba kwalba yake zaɓa ba. Shago yake zaɓa, ya miƙa wuya ga wanda ya tara kayan. Shi ya sa tambayar "a ina zan saya" ta fi "me zan saya" nauyi a wannan ciniki.

3.0 Suwidin: Shago Ɗaya Tilo

A Suwidin amsar gajeriya ce. Duk abin sha da ƙarfin barasarsa ya haura kashi 3.5 cikin ɗari, shago ɗaya ne doka ta yarda ya sayar wa mutum ya tafi da shi gida: Systembolaget, kamfanin gwamnati mai rassa kimanin 450. A ƙauyukan da babu reshe akwai wakilai, galibi masu ƙananan kantuna, inda mutum zai ba da oda ya dawo bayan kwanaki ya karɓa. Kantin kayan masarufi ba ya sayar da komai sai giya marar ƙarfi.

Tsarin ya samo asali ne daga ɓarnar shaye-shaye a ƙarni na 19, lokacin da ake dafa barasa daga hatsi da dankali kusan gida-gida. A garin Falun mai ma'adinai aka fara kafa kamfani a 1850 don ya riƙe mashayun gari, sai Göteborg ta bi sahu a 1865, har tsarin ya ɗauki sunanta. Dabarar ita ce masu hannun jari su karɓi ɗan kaso ƙayyadadde, ragowar riba ta tafi asusun gari, ta yadda ba wanda zai yi arziki da ƙara wa mashayi kofi. Daga baya wani likita, Ivan Bratt, ya zo da littafin rabo da suke kira motbok. An fara shi a Stockholm a 1914, ya game ƙasa cikin 'yan shekaru. Kowane mai littafi yana da shagon da aka rubuta masa, ba ya saye a wani, kuma duk abin da ya saya sai an buga masa hatimi. Magidanci mai aiki yana iya samun har lita uku zuwa huɗu na barasa mai ƙarfi a wata. Matar aure galibi ba a ba ta, marar aiki da wanda aka sani da maye ma haka. A 1922 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan haramta giya baki ɗaya, masu cewa a'a suka yi nasara da ƙyar, kashi 51 da 49. Littafin ya ci gaba har 1955, shekarar da aka soke shi aka haɗe kamfanonin garuruwa suka zama Systembolaget.

Akwai wani abin mamaki a nan da ya shafi batunmu kai tsaye. Mutanen Suwidin na wancan zamani mashaya barasa mai ƙarfi ne, ba su saba da giyar inabi ba. Kamfanin gwamnatin ne da kansa ya ƙaddamar da kamfe a 1957 don karkatar da su zuwa gare ta, bisa lissafin cewa ɓarnarta ba ta kai ta waccan ba. Wato gwamnati ba shago kawai ta zaɓa musu ba, har abin da za su so ta zaɓa musu.

3.1 Ranar Asabar, Ƙarfe Uku Saura Kwata

Bari mu shiga shagon. Allonsa kore ne da rubutun rawaya, iri ɗaya daga kudancin ƙasar har arewa mai ƙanƙara. Asabar ce, saura kwata a rufe, don a wannan reshe ƙarfe uku na rana ake rufewa, kuma ba za a sake buɗewa ba sai Litinin. Layi ya miƙe. Wannan buɗewar ta Asabar ma sabuwa ce in aka dubi tarihi: an rufe ta a 1982, ba a maido da ita a duk ƙasa ba sai 2001. Kafin 1991 kuwa ba a barin mai saye ya taɓa kwalba. Lamba zai ciro ya jira, ya faɗa wa ma'aikaci abin da yake so, a shiga ciki a ɗauko masa, kamar mai karɓar magani a asibiti.

Yanzu mutum na ɗauka da kansa, amma shagon ba ya yi masa kirari. Babu "sayi biyu a ba ka gyaran ɗaya", babu ragin ƙarshen wata, babu giya mai sanyi a firiji da za ta ja ran mai wucewa ya sha nan take. A jikin kanta, ƙarƙashin kowace kwalba, akwai 'yar takarda mai ɗauke da wasu ƙananan da'irori kamar fuskar agogo, an cike wani ɓangare na kowanne don nuna nauyin giyar a baki, da tsaminta, da ɗaurewar da take yi wa harshe, sai kuma ɗan hoton saniya ko kifi ko kaza da ke nuna abincin da ta dace da shi. In ya tambayi ma'aikaciya, za ta tambaye shi abin da zai ci da nawa yake son kashewa. Tana iya nuna masa mai arha, domin ba ta da la'ada. A wurin biya, duk wanda fuskarsa ta nuna bai kai 25 ba sai ya fito da katin shaida, tunda doka ta ce sai ɗan shekara 20, ko da yake ɗan 18 na iya sha a mashaya. Wanda ya zo a buge kuma ba a sayar masa.

Yadda kwalba ke samun gurbi a kanta ma ba da sanayya ba ne, a ƙa'ida. Kamfanin yakan fitar da sanarwa cewa yana neman giya iri kaza, daga yanki kaza, a farashi kaza. Dillalai su aiko da samfur, ƙwararru su ɗanɗana ba tare da ganin suna ba, wadda ta fi maki ta shiga. Ribar da kamfanin ke ɗorawa kuma da ma'auni ɗaya ake lissafa ta ga kowa. Da yake harajin barasa a kan lita ake ɗora shi, ba a kan daraja ba, giya mai arha takan yi tsada a Suwidin, mai tsada kuma wani lokaci ta fi arha a can a kan ƙasar da aka yi ta.

3.2 Inda Ɗakin Ke Yoyo

Kada a ɗauka tsarin ba shi da aibi. A 2003 aka bankaɗo cewa manajojin rassa da dama suna karɓar na goro daga dillalai don su fifita kayansu, aka gurfanar da gommai a kotu. Darasin a fili yake: in ƙofa ɗaya ce tak ke kaiwa ga kasuwar ƙasa, mai gadinta zai yi tsada.

Shigar Suwidin Tarayyar Turai a 1995 ma ta rage wa tsarin fiffike. Gwamnati ta saki ikon shigo da kaya da sarrafawa da sari, ta riƙe sayar da ɗai-ɗai kawai. Wani mai kanti a ƙauyen Röstånga, Harry Franzén, ya sayar da giyar inabi da gangan don a kai shi kotu, amma a 1997 kotun Tarayyar ta ce tsarin bai saɓa wa dokarta ba. A 2007 kuwa kotun ta ce ba a isa a hana mutum ya yi odar giya daga wata ƙasar Tarayyar don amfanin kansa ba, a 2023 kuma kotun ƙolin Suwidin ta ba wani kamfanin intanet mai rajista a Danmak gaskiya a kan Systembolaget. Sannan ga ƙafa. Jirgin ruwa tsakanin Helsingborg da Helsingør na Danmak minti ashirin ne, gadar Öresund ta buɗe a 2000, kuma mizanin Tarayyar na abin da matafiyi zai ɗauko don kansa ya kai lita 90 na giyar inabi. Mutanen kudu sukan cika bayan mota daga kantunan bakin iyakar Jamus. Su kuma 'yan Norwe, da nasu shagon gwamnatin ya fi tsada, sukan tsallako garin Strömstad su saya a Systembolaget. Saboda haka "shagon gari" ga wanda ke kusa da iyaka yana iya zama a wata ƙasa.

Na baya-bayan nan shi ne dokar da ta fara aiki a Yunin 2025, wadda ta ba ƙananan masu gonakin inabi damar sayar wa baƙo a gona. Ko ita ma da sharaɗi: sai baƙon ya biya ya halarci wani ɗan bayani a kan giyar, kuma ba ya wuce lita uku.

4.0 Faransa: Ƙofofi Huɗu

Bafaranshe matsalarsa yawan zaɓi. Ƙofa ta farko ita ce babban kanti, inda ake sayar da mafi yawan giyar da ake sha a gida. Kowace kaka, wajen Satumba, manyan kantuna kan yi bajekolin giyar inabi, al'adar da kantunan E.Leclerc suka faro a 1973, ana raba ƙasidu masu kauri ana karya farashi. A nan ba mai ba da shawara sai takardar kwalba. Gwamnati ta daɗe da sanin haka, shi ya sa tun 1935 ta kafa tsarin kare sunan yanki, wanda ke ƙayyade inda aka noma inabin, da irinsa, da yawan abin da za a girba a kadada, kafin a rubuta Chablis ko Châteauneuf-du-Pape a jiki. Sunan yanki dai yana tabbatar da asali ne, ba ya rantsuwa a kan daɗi. Sai mai saye ya koma ga lambobin yabo da ake mannawa a wuyan kwalba, su kuma sun yi yawa har sun yi arha. A 2023 wani shirin talabijin na Beljiyam ya ɗauki giyar kanti da ba ta kai Yuro uku ba, ya sauya mata suna da takarda, ya aika da ita wata gasa, ta dawo da lambar zinariya.

Ƙofa ta biyu ita ce shagon ƙwararre, wanda suke kira caviste. Akwai masu rassa da yawa irin Nicolas, da aka kafa a Paris a 1822, wanda yanzu ke hannun kamfanin Castel, mai masana'antun giya a Kamaru da Chadi. Akwai kuma masu zaman kansu, kuma su ne abin kallo. Mutum guda ne ya zaga gonaki, ya ɗanɗana, ya zaɓi 'yan ɗaruruwan kwalabe, ya san mai kowace gona da sunansa. Yakan buɗe kwalba ya ba abokin ciniki ya kurɓa, wato dai yankan kankanar nan. Shawararsa ta fi ta ma'aikaciyar Suwidin zurfi sau da yawa, amma daga kwalbar da ya ba da shawara a saya yake cin abinci. Abin da ke riƙe shi a kan gaskiya shi ne abin da ke riƙe mahaucin unguwa: in ya cuce ka yau, gobe ba zai gan ka ba. Wannan birki yana kamawa ga ɗan unguwa, ba ya kamawa ga baƙo mai wucewa.

Ƙofa ta uku ita ce gonar kanta, ta huɗu kuma rumbun ƙungiyar manoma, musamman a kudu, yankin Languedoc. A irin wannan rumbu har yau ana iya ganin tsoho ya zo da jarkarsa ta lita biyar, a ɗauko tiyo mai kan ƙarfe kamar na gidan mai, a ɗura masa, ya biya a kan lita. Ba ya buƙatar shawarar kowa, giyar ƙauyensu ce, ita ubansa ya sha.

Doka ba ta cire hannu ba a Faransa, wurin da ta sa hannun ne ya bambanta. Ta bar shago, ta kama talla: dokar Évin ta 1991 ta hana tallan giya a talabijin da ɗaukar nauyin wasanni, a 2009 kuma aka mayar da shekarun saye 18 ga kowace irin giya.

5.0 Me Kwatancin Ya Nuna?

Da sauƙi mutum ya ce tsarin Suwidin ya yi nasara tunda abin da ɗan Suwidin ke sha a shekara bai kai na Bafaranshe ba. Ni dai ba zan yi saurin cewa haka ba. Shan giyar inabi a Faransa ya faɗo daga fiye da lita 100 ga kowane mutum a shekarun 1960 zuwa kimanin 40 a yanzu, ba tare da an rufe shago ko ɗaya da doka ba, har ta kai gwamnati na biyan manoman Bordeaux su tumɓuke inabinsu. Sauyin rayuwa ne ya yi wannan aiki. Gwamnatin Suwidin kuma ba waliyyiya ba ce, tana karɓar haraji mai kauri da ribar kamfani daga hajar da take cewa tana yaƙa.

Abin da nake ganin kwatancin ya tabbatar ya fi wannan ƙanƙanta, amma ya fi shi ƙwari. A lokacin da yaro ko wanda ya riga ya bugu ya tsaya gaban kanta da kuɗi a hannu, ma'aikaciyar Systembolaget ba ta asarar ko sisi in ta ce a'a. Mai shagon kansa kuwa daga aljihunsa yake biyan kuɗin wannan a'a ɗin. Faransa ta fi ba mai saye ilimi da zaɓi, Suwidin ta fi iya korar wanda bai kamata a sayar wa ba. Wannan ne dalilin da ya sa, duk da ƙorafin rufewar ƙarfe uku, mafi rinjayen mutanen Suwidin ke cewa a bar musu tsarinsu idan aka ji ra'ayinsu a 'yan shekarun nan.

6.0 Abin da Ya Shafe Mu

Mu ma doka ta daɗe tana zana mana taswirar inda ake sayar da giya. Bayan yarjejeniyar Brussels ta 1890, Turawan mulkin mallaka sun sanya Arewacin Nijeriya cikin yankin da aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar Turawa. Daga shekarar 2000 jihohi 12 suka ɗabbaƙa Shari'a. Kowa a zauren nan ya san inda cinikin ya tattara: Sabon Gari da kasuwannin barikin soja. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Hajar da ta fi kama da wadda muka tattauna, wato halattacciya a hannun wani, guba a hannun wani, tana cikin kemis ɗin unguwarmu. A Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan wani binciken BBC, matasa suka ƙara karkata ga tiramol da 'yan'uwansa. A Kano an tashi 'yan sarin magani daga Sabon Gari zuwa sabuwar cibiya a Dangwauro don a iya sa musu ido. Mataki ne mai kyau, amma wuri aka sauya. Yaron da ke tsaye a bayan kantar kemis har yanzu daga yawan abin da ya sayar ake biyansa.

Systembolaget yakan ɗauki hayar matasa 'yan shekara 20 zuwa 24 su shiga rassansa a matsayin masu saye, a ƙirga sau nawa aka nemi katin shaidarsu, a wallafa adadin kowace shekara. Roƙona ga malaman tattalin arziki da na harhaɗa magunguna da ke wannan zaure shi ne su tura ɗalibansu su yi mana irin wannan ƙidaya a kemis-kemis na Kano da Kaduna da Damagaram: cikin mutum ɗari da suka zo neman maganin da sai da takardar likita, ba su da takardar amma suna da kuɗi, nawa aka mayar?